Halowin: daren matattu da ya bar gida ya dawo da baƙuwar riga

A arewa maso yammacin Dublin, babban birnin ƙasar Irlanda, tafiyar kimanin kilomita 60 a mota, akwai wani ɗan gari mai suna Athboy, cikin gundumar Meath. Gari ne na manoma da makiyaya, mai babban titi guda, wanda matafiyi zai iya ratsa shi bai ankara ba. Daga gabas da shi akwai wani tudu mai ciyawa da ake kira Tudun Ward, a tsohon harshen ƙasar kuwa Tlachtga. Abin da ke samansa wasu ganuwowi ne huɗu na ƙasa, ɗaya cikin ɗaya kamar zanen faifai, waɗanda zamani ya cinye har sun kusa bajewa, dabbobi na kiwo a kansu. Amma duk baƙon da ya tambayi mutanen wurin, za su gaya masa cewa a nan aka kunna wutar da a yau ta game duniya, watau bikin Halowin na daren 31 ga watan Oktoba, daren da yara da manya ke shigar fatalwa da ƙwarangwal da mayu.

Wanda ya ga hotunan bikin a telebijin ko a silima zai rantse al'adar Amurkawa ce, kuma ba a ga laifinsa ba, domin da tambarin Amurka ta shiga kasuwannin duniya. Sai dai Amurka riƙo ta yi, wata ce ta haifa. Mai son ya san asalin abin, da yadda daren tunawa da mamata ya rikiɗe ya zama daren cinikin alewa, sai ya bi sawunsa cikin wannan tsibiri, daga Tudun Ward har zuwa ganuwar birnin Derry.

Ƙarshen kaka, farkon duhu

A ƙarshen Oktoba, tun ƙarfe 5 na yamma rana ke faɗuwa a Irlanda. Iska mai sanyi na kaɗowa daga tekun Atlantika, yayyafi ba ya ɗaukewa, ganyen itatuwa ya zube, kuma daga nan har watan Disamba kullum yini ƙara gajarta yake yi, har ya koma ƙasa da sa'o'i 8. Ga manomin zamanin da, wanda ba shi da lantarki ba shi da kanti, wannan lokaci shi ne mashigin rayuwa da mutuwa. An gama girbi, an kai hatsi rumbu, an sauko da shanu daga makiyayar tuddai. Dabbar da babu harawar da za ta riƙe ta, sai a yanka ta a sa wa naman gishiri. Iyalin da lissafinsu ya kuskure, ba lalle ne dukansu su ga fitowar sabuwar ciyawa ba.

Mutanen tsibirin sun raba shekara gida huɗu, kuma ranar 1 ga Nuwamba ita ce ƙofar watannin duhu. Sunanta Samhain, ana furta shi Sawin; har gobe da wannan suna ake kiran watan Nuwamba a harshen Irlanda. Da yake a wajensu rana daga faɗuwar rana take farawa, kamar yadda yake a lissafin Musulunci, daren 31 ga Oktoba shi ne mafarin bikin. Tsofaffin littattafan ƙasar, waɗanda malaman Kirista suka rubuta, sun nuna lokaci ne na taron sarakuna, da yanke shari'a, da ci da sha. Tatsuniyoyinsu kuma na cewa a wannan dare ne tuddan aljannu ke buɗewa. A gundumar Roscommon akwai wani ƙuntataccen kogo mai suna Oweynagat, watau Kogon Kyanwoyi, wanda aka ce ta bakinsa dodanni ke fitowa su ɓata ƙasa.

Labarin wutar Tudun Ward kuwa, wani limamin Katolika masanin tarihi, Geoffrey Keating, shi ya rubuta shi wajen 1634. Ya ce a daren Samhain akan kashe kowace wuta a ƙasar, bokayen gargajiya su taru bisa tudun su kunna sabuwa, daga gare ta kowane gida ke ɗiba. Keating ya yi rubutunsa shekaru fiye da 1000 bayan shigowar addinin Kirista tsibirin, don haka masana ba su karɓi maganarsa ido rufe ba. Daga 2014, masu binciken kayan tarihi na wata jami'ar Dublin sun haƙa tudun, sun tono alamun manyan wutace da ƙasusuwan dabbobi, sun kuma tabbatar wurin ya girmi zuwan Kirista da ɗaruruwan shekaru. To, wuta dai an yi ta, nama kuma an ci. Amma masanin tarihi ɗan Ingila Ronald Hutton, cikin littafinsa na 1996 a kan bukukuwan shekara, ya jawo hankali ga wani abu: tsofaffin rubuce-rubucen sun yi maganar aljannu da dodanni, ba su ce Samhain bikin matattu ba ne. Tsoron daren gadon gargajiya ne. Mamata kuwa ta wata ƙofa suka shigo.

Ƙofar majami'a

Duk wanda ya taɓa riƙe kalandar Faransa ya ga kalmar Toussaint a kan ranar 1 ga Nuwamba, watau ranar dukan waliyyai. Fafaroma Gregori na 3, wanda ya riƙe kujerar daga 731 zuwa 741, ya keɓe wani ɗaki a majami'ar Waliyyi Bitrus ta birnin Rum domin tunawa da waliyyai baki ɗaya. A 835 sarki Luwi, ɗan Sharlaman, ya wajabta bikin ranar 1 ga Nuwamba a faɗin daularsa. Abin lura, majami'ar Irlanda kanta da fari ranar 20 ga Afrilu take nata, shi ya sa masana da dama ba su yarda an zaɓi ranar don a danne Samhain ba. Wajen shekara ta 1000 kuma, Odilon, shugaban gidan sufayen Kirista na Cluny a Faransa, ya ƙara ranar 2 ga Nuwamba domin yi wa sauran mamata addu'a. Ta haka kwanaki uku suka jeru: jajibiri, da ranar waliyyai, da ranar mamata. Sunan Halowin kansa ba ya nufin kome illa jajibirin ranar waliyyai, a Ingilishin mutanen Sikotlan.

Mabiya Katolika sun yi imani akwai wani zango tsakanin kabari da aljanna inda ake tsarkake rai, kuma addu'ar masu rai na rage wa mamaci zaman wurin. Daga wannan imani wata al'ada ta tsiro a Ingila da maƙwabtanta: talakawa da yara su bi gida gida, a ba su ƴar gurasa, su kuma su yi wa mamatan gidan addu'a. Sadaka ce mai baki biyu, mayunwaci ya ci, mamaci ya sami rahama. A ƙauyukan Irlanda, har cikin ƙarni na 20, a daren mamata akan share ɗaki, a bar wuta a murhu, a jera kujeru, a kunna kyandir a taga, a kwana ƙofa ba sakata, domin dangin da suka rigaya su shigo su ji ɗumi.

Samari kuwa nasu rabon daban ne. Sukan shafa baƙin tukunya a fuska, su sa tsummoki ko su juya riga bai-bai, su bi gari da waƙa da barkwanci, ana ba su ƴaƴan itace da ƴan kuɗi. Gidan da ya hana, da safe ya iske an cire masa ƙyaure ko an toshe masa mafitar hayaƙi. Bayanin da aka saba bayarwa shi ne ana ɓad da kama don kada iskokin da ke yawo a daren su gane mutum. Wanda ya san tashen da yara ke yi cikin watan azumi ba sai an yi masa dogon bayani ba, ko da yake babu zumunci na asali tsakanin al'adun biyu.

Fitilar talaka

A yammacin tsibirin, kusa da garin Castlebar cikin gundumar Mayo, akwai gidan tarihin rayuwar karkara. Cikin kayan da ke wurin akwai siffar wata ƴar fuska mai zurfin idanu da haƙora a waje, kamar kan gawar da ta bushe. Kwafi ne na fitilar Halowin irin ta da, daga gundumar Donegal. Ita fitilar, da wata saiwa mai tauri ake yin ta, dangin abin da Faransawa ke kira navet, abincin talaka da dabbobinsa. Yaro kan yini yana ƙwaƙule ta da wuƙa, ya huda mata idanu da baki, ya sa mata garwashi ko guntun kyandir a ciki.

Tatsuniya ta ce wani marowaci mashayi mai suna Jak ne ya yi wa Shaiɗan wayo har ya sa shi alkawarin ba zai ɗauki ransa ba. Da ya mutu aljanna ta ƙi shi saboda halinsa, wuta kuma ta ƙi shi saboda alkawarin. Sai Shaiɗan ya jefa masa garwashi guda, ya sa shi cikin saiwar, yake ta yawo da shi cikin duhu, ba masauki. Mutanen da suka ƙagi wannan labari ba su san wata rana su ma za su rasa masauki a ƙasarsu ba.

Yunwa da teku

A bakin kogin Liffey, tsakiyar Dublin, akwai gumakan tagulla da aka kafa a 1997: mutane dogaye, ramammu, cikin tsummoki, sun nufi tashar jiragen ruwa. Alamar babbar yunwa ce. A 1845 wata cuta ta faɗa wa dankalin Turawa, wanda shi ne cimar talakawan ƙasar, ta riƙa ruɓar da shi shekara bayan shekara har wajen 1852. Ƙasar na ƙarƙashin mulkin Ingila, masu gonaki na korar ƴan haya da suka kasa biya, jirage kuma na fita da hatsi da dabbobi alhali mutane na mutuwa. Kimanin mutum miliyan 1 suka rasu, fiye da miliyan 1 suka yi ƙaura. Ƙidayar 1841 ta sami mutum sama da miliyan 8 a tsibirin. Ta 1851 ta sami kusan miliyan 6 da rabi.

Hausawa kan ce abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta, ya fi wutar zafi. Waɗanda suka hau jiragen nan sun san da yawa ba za su kai gaɓa ba, amma suka hau. Suka sauka a Boston da sauran tashoshin Amurka da Kanada, ba su da kome sai addininsu da al'adunsu. Kafin zuwansu da na ƴan Sikotlan, daren 31 ga Oktoba ba shi da wani tasiri a Amurka, musamman a arewa maso gabas, inda masu tsananin aƙidar Furotesta ba su yarda da yi wa mamaci addu'a ba. A sabuwar ƙasar suka tarar da kabewa, babba, mai taushi, mai arha, ga ta ja kamar wuta. Saiwar talaka ta koma gidan tarihi, kabewa ta gaji sarauta.

Renon Amurka

Abin da ya tsallaka teku da ƙarfinsa shi ne ɓarnar samari. Kyandir ɗin taga da kujerar mamaci ba su yi nisa ba, domin kaburburan dangi na can baya. A farkon ƙarni na 20 daren ya zama abin fargaba a biranen Amurka: a fasa tagogi, a kifar da motoci, a cinna wuta. Hukumomi suka ga hani ba ya aiki, sai suka koma ga lallashi. A 1920 garin Anoka na jihar Minnesota ya shirya jerin gwano da rabon alewa domin ya janye yara daga titi, wasu garuruwa suka bi sahu. Wajen wannan lokaci kuma aka fara ganin, cikin jaridun Kanada, kalamin da yara ke faɗa a bakin ƙofa, mai ma'anar ko a ba mu, ko mu yi ɓarna.

Bayan yaƙin duniya na biyu, da aka ɗage ƙayyade sukari a 1947, kamfanonin alewa suka shigo. Idan ana bikin farar kaza, balbela ba ta jiran gayya. A 1950 wasu yara a Filadelfiya suka fara tara wa asusun UNICEF kuɗi a daren, wanda shi ne ɗan abin da ya rage na tsohuwar sadaka. Sannan silima ta ɗora nata: fim ɗin John Carpenter na 1978 mai suna Halloween ya liƙa wa daren hoton makashi mai rufaffiyar fuska. A 2023 ƙungiyar ƴan kasuwar Amurka ta ƙiyasta cinikin bikin a kan dala miliyar 12 da ɗoriya, watau fiye da ninki biyu na kasafin kuɗin Jamhuriyar Nijar na wannan shekara, a kan alewa da tufafin dodanni da adon gida.

Daga nan sai duniya

Da wannan sabuwar riga bikin ya sake tsallaka teku. A Faransa, inda ranar 1 ga Nuwamba hutu ce kuma iyalai ke kai furanni maƙabarta, ƴan kasuwa ne suka shigo da shi: a 1997 kamfanin France Télécom ya baje dubban kabewa a dandalin Trocadéro na birnin Paris domin tallar wata wayar salula. Aka yi ƴan shekaru ana yayinsa, limaman Katolika na kuka, daga baya kasuwarsa ta yi sanyi, ko da yake bai mutu ba.

A gabashin Asiya, inda babu Samhain babu Toussaint, bikin ya zama na samari da ƴan mata zalla, dare guda na fita daga takurar aiki da makaranta. A daren 29 ga Oktoba 2022, a unguwar Itaewon ta birnin Seyul, Koriya ta Kudu, dubban matasa suka cushe cikin wani lungu mai gangara wanda faɗinsa bai wuce mita 4 ba. Mutum 159 suka rasa rayukansu, akasarinsu ƴan shekara ashirin da wani abu. Shekarar da ta biyo baya, magajin garin unguwar Shibuya ta birnin Tokiyo ya fito fili ya roƙi jama'a kada su zo.

Meksiko ce ta riƙe ɗaya ɓangaren gadon. Bikinta na ranar matattu, 1 da 2 ga Nuwamba, ya haɗa kalandar Katolika da Sifaniyawa suka kawo da al'adun ƴan asalin ƙasar. Iyalai na jera hoton mamaci da abincin da yake so, su kwana a maƙabarta cikin furanni da kyandirori. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2008. Amma can ma silima ta sa hannu: jerin gwanon ƙwarangwal da aka nuna a fim ɗin James Bond na 2015 ƙirƙira ce ta masu fim, sai ga hukumomin birnin Meksiko sun mai da shi gaskiya a 2016, domin baƙi sun zo nemansa.

Ganuwar Derry

A ƙarshe ɗa ya dawo gidan ubansa, aka karɓe shi da rigarsa ta baƙunta. Yaran Irlanda na yau kabewa suke sassaƙawa, kuma a 2019 hukumar yawon buɗe ido ta ƙasar ta ƙirƙiro bikin Púca a yankin Athboy domin ta tuna wa duniya inda abin ya fito. Amma inda bikin ya sami wata ma'ana sabuwa shi ne Derry, a Irlanda ta Arewa, wadda ke ƙarƙashin Birtaniya.

Birni ne mai mutum kimanin 85,000 a bakin kogin Foyle, mai ganuwar dutse da aka gina tsakanin 1613 da 1619, wadda tsawonta ya kai kilomita 1 da rabi, ana zagaya ta da ƙafa ta sama. Ko sunansa abin rigima ne: Katolika su ce Derry, Furotesta da yawa su ce Londonderry. Wanda ya tsaya bisa ganuwar ya dubi ƙasa zai hangi unguwar Bogside da manyan zane-zanen bangonta. A nan ne, ranar 30 ga Janairu 1972, sojojin Birtaniya suka harbe masu zanga-zanga 13. Rikicin yankin ya ci rayuka fiye da 3,500 kafin yarjejeniyar zaman lafiya ta 1998. A waɗannan shekaru, rufaffiyar fuska a titin Derry alama ce ta ɗan bindiga.

Mutanen garin na ba da labari cewa a tsakiyar shekarun 1980, ana cikin shagalin ɓad da kama a wata mashaya, sai aka yi shelar akwai bam, kowa ya fito titi da shigarsa ta dodo, aka ci gaba da shagalin a waje. A 1986 ma'aikatar magajin gari ta ɗauki nauyin bikin. A shekarun baya-bayan nan baƙin da ke halartarsa cikin kwanaki huɗu sun haura 100,000, sun fi mazauna garin yawa; ana jerin gwano a gefen ganuwa, ana wasan wuta bisa kogi, jama'a na kai da kawowa a kan Gadar Zaman Lafiya da aka buɗe a 2011. A garin da unguwar mutum da sunansa kan faɗi ɓangarensa, an sami dare guda da ba a gane ɗan wane. Tsohuwar dabarar ɓoye fuska don tsira daga iskoki ta yi wa masu rai aiki.

Sai dai wanda ya nemi mamata cikin wannan cincirindo ba zai gan su ba. Akwai ƙwarangwal na roba, akwai jini na fenti, amma babu mai kiran sunan kakansa. Sai ya yi haƙuri har ranar 2 ga Nuwamba, bayan masu shara sun kwashe tarkacen titi, baƙi sun hau jirage. A majami'un Katolika na tsibirin, kowane gida kan rubuta sunayen mamatansa a takarda, a kai gaban bagade, a yi ta yi musu addu'a har ƙarshen wata. Tsofaffi na zuwa maƙabarta da furanni, wasu gidajen karkara kuma har yanzu na kunna kyandir a taga. Babu baƙon da ke sayen tikiti domin kallon wannan, babu kamfanin da ke cin ribarsa. A nan mamatan Irlanda suka koma da zama, tun da aka karɓe musu darensu.